Gurnanin Jif ɗin Kawu a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a ɗakin malamai ba. Wannan ta ce in ba ta labarin teku, waccan ta ce na atamfa, Malama Ladi kuwa kullum tambayarta ɗaya, wai da gaske ne 'yan sanda sun kama mu. To, ba ɗan sanda ba ne, jandarma ne, kuma ba kamu ba ne sosai. Bari in faɗa daga farko, kowa ta huta, ni ma in huta.

Ƙanwata Rabi ce ke aure a can, a unguwar Zongo. Mijinta Alhaji Iliya atamfa yake sayarwa a kasuwar Dantokpa. Cikinta na fari ya tsufa, Inna ta ce ko da ƙafa ne sai ta je ta karɓi haihuwar nan, ta yi mata wankan jego da hannunta. Da aka yi hutu, maigidana Malam ya ce shi zai kai mu. Mota ce babu. Sai ya je ya durƙusa gaban Kawu Bala, ƙanen Inna, mai gonar rake a fadama. Kawu yana da wata tsohuwar jif koriya, irin mai ja da ƙafafu huɗu, wadda bai taɓa ba kowa aronta ba, ko gawa ce za a kai. Don darajar yayarsa ya miƙo makulli, amma ya daɗe bai sake shi ba. Ya ce da Malam, "Yadda na ba ka ita, haka za ka dawo mini da ita."

Kayan da Inna ta ɗauka sun isa a buɗe shago. Buhun gero, kanwa, daddawa, yajin jego, kuka, busasshiyar kuɓewa, sai turminta da taɓarya. Na ce, "Inna, ai akwai turmi a Kwatano." Ta ce ba ta san wanda ya sassaƙa shi ba.

Mun bar Zariya bayan sallar asuba, kowa baki har kunne. Kafin Kwantagora, a wata doguwar kwana, sai na ji wani ƙugi daga ƙarƙashin motar, can ƙasa-ƙasa, kamar kare yana yi wa baƙo gargaɗi. Hanya ta miƙe, ya ɗauke. Aka sake kwana, ya dawo.

"Malam, ka ji?"

"Ban ji komai ba."

"Ni na ji," in ji Inna daga baya.

"Turminki ne, Inna, yake gangarawa."

Muka tsaya, ya ɗaure turmin tamau da igiyar guga, har ya sa masa zani a ƙarƙashi. Kwana ta gaba, gurnani ya dawo, har ya fi na da. Inna ta ce a ba turminta haƙuri. Na ga gumi a ƙeyar Malam, na kuma san fuskar Kawu yake gani a gilashin gaba. Daga nan har gadar Jebba, in ya hango kwana sai ya kama waƙa da ƙarfi, wai don kada barci ya ɗauke shi.

A unguwar Hausawa ta Sabo a Ibadan muka kwana, gidan wani fatoma mai saukar da 'yan goro. Matarsa ta ba mu amala da wata miya mai yauƙi. Inna ta dubi baƙin tuwon nan, ta tambaye ni a kunne ko ƙonewa ya yi. Ta ci loma ɗaya don kunya, sai ga shi ta share kwanon, ta kuma ce in tambayo mata yadda ake yi. Legas ba zan ba ku labarinta ba, don ban gan ta ba. Bayan wata tirela kawai na gani tun hantsi har azahar.

A iyaka, wajen Seme, nan na fara gane mun bar gida. Ma'aikatan iyaka namu dai kun san su. Na can kuwa ga kaki a goge, ga hula a karkace, kowa ka ce masa sannu sai ya ce maka "kamarad". Wai tun da sojan ƙasar suka rungumi gurguzu babu ranka ya daɗe, babu yallaɓai, daga minista har mai tura amalanke kowa kamarad ne. Wani matashin ma'aikacin kwastan, su duwan suke cewa, ya leƙo ya ce da Inna, "Kamarad, sauko." Ta waiga bayanta ta ga ba kowa, ta ce, "Ɗan nan, sunana Hajiya A'i." Ya buɗe ƙullin kanwa, ya ga farin abu dunƙule-dunƙule, fuskarsa ta canja. Ya kira wani, wancan ya kira wani. Malam yana ta bayani da Turanci, su ba sa ji, su suna ta Faransanci, mu ba ma ji. Ƙarshe babbansu ya gutsura ya sa a harshe. Yadda ya yamutsa fuska yana tofarwa, na toshe baki da mayafi har hawaye. Ya yi mana alama da hannu mu tafi, mu tafi kawai.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a Kwatano mata ne a kan babur. Ba goyo ba, su ke tuƙi! Ga uwar mata ta sha ɗaurin ɗankwali kamar za ta biki, ga kwando a baya, ta murɗa ƙaramin babur ta wuce mu fuu. Inna ta yi ta salati har ta gaji ta koma ƙirga su. Na biyu, ƙa'idar shataletale. Mu a nan wanda ke ciki shi ke da hanya. Su kuwa mai shigowa ta dama shi ake tsaya wa. Malam bai sani ba, saura ƙiris ya kwashe wani dattijo mai keke, muka sha zagi da harsuna uku.

Da muka bar kwalta muka shiga lungunan Zongo, sai rairayi, zallan yashi kamar a gindin kogi. Jif ta fara tonon ƙasa. Malam ya ja ƙaramar giya, wadda ke sa ƙafafu huɗun su ja tare, ta fita kamar doki. Ya dube mu yana murmushi, karo na farko tun Kwantagora.

Zongo kuwa kamar an yanko Tudun Wada an ajiye kusa da teku. Ga masallaci, ga mai tsire, ga mai yankan farce. Akwai irin su Alhaji Iliya, 'yan Nijeriya da kasuwa ta kai, akwai kuma waɗanda kakanninsu suka zo fatauci suka zauna, su 'yan ƙasa ne, ba su taɓa ganin Kano ba amma Hausa ce a bakinsu. Sai dai Hausar tana da ƙaya. Makaranta lakwal, asibiti lopital, direba shofer. Wata maƙwabciyar Rabi, Hajiya Mero, ta ce mini ɗanta yana aiki a biro, na yi ta mamakin yadda mutum zai yi aiki a cikin abin rubutu, ashe ofis take nufi. Rabi ta fito tana jan ƙafa, ciki har wuya, ita da Inna suka rungume juna suna kuka suna dariya. Aka sauke mu a ɗakin da ke kusa da rijiya. Da safe aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa yana yankan dasashi, da gahawa da madara a cikin kwano, kwano fa, ba kofin shayi ba. Abarbarsu kuwa, farar ciki ce, ba ta cizon harshe. Har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke.

Malam ya gaya wa Alhaji Iliya damuwarsa a keɓe, shi kuma ya aika aka kira Sidi. Sidi bakanike ne haifaffen Zongo, gajere mai faɗi, dariyarsa tana riga shi shiga gida. Ya ce ba a gane ciwon mota tana tsaye, sai an fita da ita. Daidai lokacin Inna ta fito da mayafi, ta ce tukunyar gidan nan ba ta isa dafa ruwan jego ba, a sauke mu a Dantokpa mu sayo babba. Rabi ta ce mu tafi, ita lafiyarta ƙalau. Muka shiga baya, Sidi ya zauna kusa da Malam.

Muna hawa kwalta, Malam ya karya kwana, sai motar ta kama tsalle, tayoyi suna kukan kat-kat-kat, sitiyari yana fizgar hannunsa. Wannan sabo ne, ba mu taɓa jin sa ba. Malam ya ce, "Innalillahi, ta ƙarasa!" Sidi ya dubi ƙasa, ya fashe da dariya.

"Malam, ƙaramar giyarka tana ciki tun jiya. A yashi abokiya ce, a kwalta kuwa ƙafafun gaba da na baya faɗa suke yi. Tsaya, ja da baya kaɗan, cire ta."

Aka cire, tsalle ya ɗauke. Malam har ya fara hamdala, sai muka sake kwana, tsohon abokinmu ya yi sallama. Sidi ya karkata kai, ya lumshe ido kamar mai sauraren karatu.

"To, wannan shi ne mai gidan. Wancan baƙo ne."

Ya sauka ya shafa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, babu kumburi, babu cin gefe. Ya girgiza salansa, tana nan daram. Ya ce yana son kwana mai tsawo wadda ba ta ƙarewa, kuma a Kwatano guda ɗaya ce. Inna ta ce, "Tukunyata fa?" Ya ce, "Hajiya, zagaye ɗaya tak."

Wurin wani ƙaton shataletale ne, Jan Tauraro, abin alfaharin gwamnatinsu. A tsakiya an gina tauraro ja, da hasumiya, can ƙoli ga mutum-mutumi riƙe da fartanya, bindiga a kafaɗa. Inna ta ce wannan bawan Allah ya zaɓi ɗaya mana, ko noma ko farauta. Muka shiga, gurnani ya tashi, bai kuma sauka ba tunda kwanar ba ta ƙarewa. Sidi ya ce a ƙara wuta. Ya ce a rage. Ya ce a cire giya a bar ta ta gangara, gurnani yana nan, ya ce to ba inji ba ne. Ya ce a taɓa birki, yana nan. Sai ya tsallako baya, ya ce mu ɗaga ƙafa, ya kwanta rubda ciki ya manna kunne a daɓen motar, ƙafafunsa suka leƙa waje ta ƙofar baya. Zagaye ɗaya ya zama ban san nawa ba. Ni jiri ya fara ɗibata, dariya kuma ta ƙi tsayawa. Masu sayar da abarba a gefen hanya suka fara ɗaga mana hannu duk lokacin da muka zo wucewa, Inna kuma tana amsa musu.

Sai usur.

Wani dogon jandarma ya tsaya a gabanmu, hannu ɗaya a sama, ɗaya a kan bindiga. Sai a lokacin na ga abin da shi yake gani. Koriyar jif irin ta soja, lambar wata ƙasa, tana ta zagaya tauraron juyin juya hali, ga ƙafafun mutum suna reto a baya. A ƙasar da rediyo ke gargaɗi dare da rana a kula da maƙiya da 'yan leƙen asiri. Dariyata ta koma ciki. Sidi ya sauko yana kakkaɓe riga, ya kama Faransanci, jandarma ya daka masa tsawa ya yi shiru. Jandarman ya karɓi takardunmu ya sa a aljihu. Ya ce a tafi barikinsu. Sidi ya raɗa wa Malam cewa motar da ta shiga can takan ga damina biyu. 

Inna ce ta leƙo ta taga. "Kai Kamaradi, ka ji tsoron Allah. Tukunya za ni saye, 'yata na kan gwiwa yau ko gobe."

Jandarma ya tsaya. Sai ya amsa da Hausa, wata irin Hausa mai karkata, "Mama, tukunya a nan? Me kuke nema kuna juyawa?" Ashe mutumin arewacin ƙasar ne, daga wajen Kandi, sunansa Sabi.

Malam ya ce, "Ƙara muke nema, ranka ya daɗe."

"Ba ranka ya daɗe. Kamarad. Wace ƙara?"

"In ta sha kwana take yi."

Sabi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in ƙarya ne za mu gane kurenmu. Ya buɗe ƙofa ya zauna a gaba, bindiga tsakanin gwiwoyi, ya ce, "Tafi." Ban taɓa roƙon Allah mota ta yi ƙara ba sai ran nan. Muka shiga shataletale, ta yi shiru kamar ta san da hukuma. Malam ya ƙara wuta. Sai ga shi, gurrrr, lafiyayye. Wallahi har tafi na yi.

Fuskar Sabi ta saki. Ashe kafin a sa shi tsaron hanya manyan motocin soja yake tuƙawa. Ya cire hula ya leƙa kai waje. "Rulma ne!" in ji shi.

Malam ya ce, "A'a, Kamarad, ni tun Ilori nake zargin boris ne."

"Na ce rulma!"

"Da girmanka, boris ne."

Na dubi Sidi ya raba su, na ga ya cusa hula a baki, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi sai ya ce su bar wannan tukuna, a fara sanin wane gefe ne. Ya ce, "Hajiya, da muke zagayen nan, ina jikinki yake faɗawa?" Inna ta ce dama, kafaɗarta har ta yi tsami da ƙofa. Ya ce to haka nauyin motar ma yake komawa kan ƙafafun dama, ƙafar da ke ciwo kuwa in an ɗora mata kaya sai ta yi kuka. In da za a juya ta ɗaya hannun a ji ta yi shiru, magana ta ƙare. Sai dai shataletale hannu ɗaya ake bin sa.

Sabi ya ce, "Wa ya ce?"

Ya sauka, ya busa usur, ya ɗaga hannu. Ya kira wani abokin aikinsa ya tare ɗaya bakin. Tasi, babura, manyan motoci, amalanke, komai ya tsaya cak. Ya dawo ya zauna ya ce da Malam ya juya ya bi ta ɗaya hannun. Jama'a, mu kaɗai a cikin Jan Tauraro, muna zagaya shi a hagunce, garin Kwatano duk ya zuba mana ido. Wasu har sun cire hula, sun zaci wani babba ne. Inna ta gyara mayafi tana ɗaga hannu a hankali. A cikin motar kuwa ba ka jin komai sai inji. Gurnani ya ɗauke ɗif.

"Dama!" Sabi da Malam da Sidi suka faɗa tare.

Aka tsaya a gefe. Sidi ya taɓa cibiyar tayar baya, da ɗumi kawai. Ya taɓa ta gaba ya janye hannu da sauri. Aka sa jak aka ɗaga, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, tana ƙwas-ƙwas. Ya juya ta, tana ƙarar niƙa. Nan ya daina dariya. Ya ce da mun kama hanyar Zariya a haka, wata rana a cikin gudu ƙafar nan za ta kafe ko ta fice ta bar mu. Inna ta jawo carbi.

A hankali muka lallaɓa garejin Sidi, wajen unguwar Saint-Michel, Sabi yana gaba don takardunmu suna aljihunsa, kuma ya rantse sai ya ga ƙarshen musun nan. Aka kwance cibiyar, Sidi ya zaro wani zoben ƙarfe mai 'ya'ya a ciki, duk sun ci sun yi baƙi, giris ɗin ya zama laka saboda ruwa ya shiga.

"Ga shi, rulma!" in ji Sabi.

"Ga shi, boris!" in ji Malam.

Suka dubi abin, suka dubi juna. Sidi ya zube a kan tsohuwar taya yana riƙe ciki. Sabi ya yi dariya har bindigarsa ta zame, ya rungume Malam, ya zaro takardu ya ba shi. Sai aka ce shagon kayan mota ya rufe, don mutanen can da rana ta take kowa barci yake tafiya, har ofisoshin gwamnati, sai wajen la'asar. Sabi ya aika aka kawo mana shinkafa da wake da soyayyen cukun Fulani a cikin miya, muka ci a inuwar gareji. Kasuwa dai ba mu je ba.

Bayan la'asar muka shigo lungun su Rabi, mota tana tafiya lumui. Tun daga bakin masallaci muka ji guɗa. Hajiya Mero ta taro mu a zaure hannu duk sabulu. "Ina kuka shiga? Kuna fita naƙuda ta taso. Namiji ne, tun kafin azahar!" Inna ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta keto ƙasa da ƙasa don ta karɓi haihuwar nan, aka yi ta tana can tana ɗaga wa masu abarba hannu. Ta juyo kan Malam, ta buɗe baki, sai aka sa mata jaririn a hannu. Faɗan bai fito ba. Ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya, tana ce wa yaron, "Kai ma ba ka da haƙuri, zagaye ɗaya fa aka ce." Tukunya kuwa ta Hajiya Mero aka ara.

Ran suna Sabi ya zo cikin kaki, masu canjin kuɗi ta bayan fage a lungun suka watse kafin a gane tuwo ya zo ci. Washegari muka bar Inna a can muka kamo hanya, ni da Malam. Duk kwanar da muka sha sai mu yi tsit mu kasa kunne, mu dubi juna, mu fashe da dariya.

Mun sami Kawu Bala a ƙofar gida. Bai amsa gaisuwa ba sai da ya zagaya jif ɗinsa. Ya shiga, ya ce Malam ya zauna a gefe, ni ina baya. Ya tuƙa zuwa kwanar gidan mai, ya karya hagu. Shiru. Ya koma ya sake karyawa da gudu. Shiru. Ya taka birki, ya juyo.

"Me kuka yi mata?"

Malam ya fara in-ina, yana bayanin boris.

"Ina gurnaninta? Tun daminar bara da na ratsa rafi da ita take yin sa. Da shi mutanen gona suke sanin na iso su tashi daga barci!"

 Kawu ya yi tsaki, ya kashe mota, ya sa makulli a aljihu.

"Ba na sake ba da aro," in ji shi.